Baƙin Tabo Bayan Gyaran Fata Da Na'urar Haske: Dalilansa, Maganinsa Da Matakan Kariya

Gyaran fata da na'urar haske, wanda a da sai an fita ƙasashen waje ake samunsa, yanzu ya shigo manyan biranenmu irin su Abuja da Kano da Kaduna, inda ake yinsa a wasu asibitoci masu zaman kansu da kuma wuraren gyaran jiki. Mata na zuwa domin kawar da gashin haɓa da na hammata da tabon ƙurajen fuska, maza kuma domin rabuwa da ƙurajen aski. Sai dai kuma wasu daga cikin masu zuwa kan dawo da abin da ba su je nema ba, wato baƙaƙen tabba a daidai wuraren da na'urar ta bi, waɗanda kan ɗauki watanni ko ma shekaru kafin su gushe.

Manufar wannan bayani ita ce wayar da kan jama'a game da abin da ke haddasa wannan tabo, da hanyoyin da likitoci ke bi wajen magance shi, da abubuwan da ke ƙara dagula shi, da kuma matakan da ya kamata a ɗauka tun kafin a miƙa fata ga na'ura.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Na'urorin iri biyu ne. Na farko shi ne leza, wadda ke fitar da haske mai zango guda ɗaya tak. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka mai suna Theodore Maiman ne ya ƙera ta farko a shekarar 1960. Na biyu kuwa ana kiransa IPL, wanda ke watsa haske mai ƙarfi mai zanguna da yawa a lokaci guda, daga kimanin nanomita 500 zuwa 1200. An fara amfani da shi a asibitoci a tsakiyar shekarun 1990.

Dukkansu a kan ƙa'ida ɗaya suke tafiya, wadda likitoci biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana a shekarar 1983. Ƙa'idar ita ce: abu mai duhu ya fi abu mai haske shan haske, idan kuma ya sha sai hasken ya koma zafi. Kowa ya san baƙar riga ta fi farar riga ɗaukar zafin rana. Saboda haka idan aka haska fata, saiwar gashi mai duhu za ta sha hasken ta ƙone, fatar da ke kewaye da ita kuma ta tsira.

A nan ne matsalar take ga baƙar fata. Sinadarin da ke bai wa gashi launi, wanda ake kira melanin, shi ne dai ke bai wa fata launi. Ga Bature mai farar fata da baƙin gashi, na'urar na bambance gashin da fatar cikin sauƙi. Amma ga mai baƙar fata ko wankan tarwaɗa, saman fatar kansa cike yake da melanin, don haka yakan sha kaso mai yawa na hasken kafin ya kai ga saiwar gashin. Idan ƙarfin na'urar ya yi yawa, ko sanyayawar ta yi kaɗan, sai fatar ta ƙone.

Likitocin fata na amfani da wani ma'auni da Dokta Thomas Fitzpatrick ya ƙirƙiro a shekarar 1975, wanda a yau ya kasa fatar ɗan Adam gida shida, daga ta ɗaya mafi haske zuwa ta shida mafi duhu. Akasarin mutanenmu suna tsakanin gida na huɗu zuwa na shida, kuma waɗannan su ne rukunin da suka fi fuskantar haɗarin baƙin tabo.

ME KE KAWO TABON?

A ƙasan shimfiɗar fata ta sama akwai ƙwayoyin halitta masu sarrafa melanin. Duk lokacin da fata ta ji rauni ko ta kumbura, ko ta hanyar ƙuna ko ƙurji ko susa, waɗannan ƙwayoyi kan zabura su ƙara yawan launin da suke fitarwa. Wannan ne dalilin da ya sa cizon sauro ko ƙyanda ke barin baƙin tabo a jikin yaro. Tabon da ke biyo bayan na'urar haske ɗan uwan wannan ne, bambancin kawai shi ne zafin na'ura ne ya jawo kumburin.

Yawanci tabon ba ya bayyana a ranar da aka yi aikin. Fatar kan fara da ja ko raɗaɗi, wani lokaci da bororo ko ɓawo, sannan bayan 'yan kwanaki zuwa makonni kaɗan wurin ya fara duhu. Sau da yawa tabon kan ɗauki siffar bakin na'urar, wato zagaye-zagaye ko layi-layi masu kusurwa huɗu.

Tabon iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu na da muhimmanci:

1. Na sama. Launinsa ruwan ƙasa ne zuwa baƙi, gefensa a bayyane. Launin na kwance a shimfiɗar fata ta sama, wadda ke sabunta kanta kusan kowane wata. Irin wannan kan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa 12, kuma yana jin magani.

2. Na ciki. Launinsa toka-toka ne mai sirkin shuɗi. Yana faruwa idan ƙunar ta yi zurfi har launin ya zube zuwa shimfiɗar fata ta ƙasa, inda wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye shi su riƙe. Man shafawa ba ya kai wa can da sauƙi, don haka yana iya ɗaukar shekaru, wani ma ba ya gushewa gaba ɗaya.

Likita na iya amfani da wata fitila ta musamman a ɗaki mai duhu domin ya gane irin tabon, ko da yake a fata mai duhu sosai ya fi dogara da ganin ido da tarihin mai jinya.

Abubuwan da ke ƙara haɗari sun haɗa da yin aikin bayan an sha rana sosai, da shiga rana bayan aikin, da shafa man bilicin, da shan magungunan da ke sa fata saurin ƙonewa irin su dokisisaikilin, da kuma kasancewar mutum yana da baƙin fuska irin wanda ke fito wa mata a kumatu da goshi lokacin goyon ciki ko shan ƙwayar tazarar haihuwa. Wannan na ƙarshe zafi kaɗan ke tayar da shi.

MATAKIN FARKO IDAN FATA TA ƘONE

Abin da aka yi a kwanakin farko shi ke yanke hukunci kan yadda tabon zai kasance. Idan aka ji raɗaɗi mai tsanani ana cikin aikin, a sa a dakatar nan take, kada a yarda da cewa zafi alama ce ta aiki na ci. A sanyaya wurin da ruwa mai sanyi mai tsabta na kimanin minti 20. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata, domin ita ma tana ƙuna.

Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja ko toka, kamar yadda wasu ke yi wa ƙunar wuta. Kada a fasa bororo, kada kuma a ɓare ɓawo, a bar shi ya faɗi da kansa. A riƙa wanke wurin a hankali da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a shafa basilin fari marar turare. A dakatar da duk wani man gyaran fata har sai wurin ya warke.

A garzaya asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: bororo masu faɗi ko masu yawa, mugunya ko wari, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, ƙananan ƙuraje masu ruwa a kewayen baki, ko kuma ciwon ido da dishi-dishin gani. Likita na iya bayar da man rage kumburi na 'yan kwanaki, wanda kan rage duhun da zai biyo baya, amma wannan hukuncinsa ne, ba na mai kemis ko maƙwabciya ba.

GINSHIƘIN MAGANI: KARE FATA DAGA RANA

Akwai masu ganin cewa baƙar fata ba ta buƙatar kariya daga rana. Gaskiya ne melanin na rage ƙunar rana, amma ga mai tabo rana ita ce babbar abokiyar gaba, domin ita ke ci gaba da zaburar da ƙwayoyin launi. A yankinmu, inda rana ke da ƙarfi kusan duk shekara, kuma zafi kan haura digiri 40 a bazara, duk maganin da aka shafa ba tare da kariya ba tamkar zuba ruwa ne a rariya.

A nemi man kariya daga rana wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka a jikinsa, a shafa kowace safiya, a kuma maimaita bayan kowace sa'a biyu idan ana waje, da kuma bayan alwala ko gumi mai yawa. Bincike ya nuna cewa hatta hasken da ido ke gani yana ƙara duhun tabo a baƙar fata, saboda haka man da ke da ɗan launi irin na hoda, mai ɗauke da sinadarin tsatsar ƙarfe, ya fi wanda ba shi da launi amfani. Laima da malafa da mayafi mai kauri da niƙabi duk suna taimakawa, haka nan kauce wa fita tsakanin hantsi da la'asar gwargwadon iko. Ƙurar hunturu ba ta tare dukkan hasken da ke cutarwa, don haka kada a yi sakaci a lokacin sanyi. Har ila yau, a rage tsayuwa kusa da murhu da yin surace ko turara fuska da tururi.

MAGUNGUNAN DA LIKITOCI KE BAYARWA

Ba a fara maganin tabo sai fata ta gama warkewa, domin shafa magani mai ƙarfi a kan ɗanyen rauni na ƙara kumburi, kumburi kuwa shi ne tushen matsalar.

Haidurokwinon. Shi ne maganin da aka daɗe ana dogaro da shi. Yana aiki ta hanyar dakushe sinadarin da ke sarrafa melanin. Likita kan rubuta mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, a shafa a kan tabon kaɗai, na tsawon kimanin wata uku, sannan a huta. Akan haɗa shi da wasu magunguna biyu bisa tsarin da likitocin nan Kligman da Willis suka wallafa a shekarar 1975. A Amurka an amince da irin wannan haɗi mai suna Tri-Luma a shekarar 2002 domin baƙin fuska.

Tiretinoyin da adafalin. Dangin sinadarin bitamin A ne, suna hanzarta sabunta fata ta yadda launin zai fita da wuri. Da dare ake shafawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga dukkan fuska, a fara da sau biyu ko uku a mako. Suna iya busar da fata, musamman da hunturu, don haka akan haɗa da man laushi.

Azelayik asid. Mai ƙarfin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 yana rage tabo da ƙuraje a lokaci guda, kuma yana daga cikin waɗanda likitoci ke amincewa da su ga mai juna biyu.

Akwai kuma masu sauƙin ƙarfi irin su nayasinamaid da bitamin C da kojik asid, waɗanda kan taimaka ga tabo marar tsanani ko kuma a lokacin hutun haidurokwinon. Wasu likitoci na bayar da ƙwayar tiraneksamik asid, musamman idan akwai baƙin fuska, amma ba a ba wanda ya taɓa samun daskarewar jini a jijiya, kuma tilas mace ta sanar da likita idan tana shan ƙwayar tazarar haihuwa.

Idan man shafawa bai wadatar ba bayan watanni, likitan fata na iya yin saɓar fata da sinadari mai sauƙi kamar gilaikolik ko salisilik, sau ɗaya a kowane mako biyu zuwa huɗu. Komawa ga leza domin cire tabon da leza ta jawo shi ne mataki na ƙarshe, kuma ƙwararre ne kaɗai zai yi shi, da ƙarfi kaɗan, domin yana iya mayar da hannun agogo baya.

Mata masu ciki ko masu shirin ɗauka su guji tiretinoyin da adafalin da haidurokwinon. Masu shayarwa kuma su tuntuɓi likita kafin su shafa komai.

Wajibi ne a yi haƙuri. Ba a cika ganin canji ba kafin mako 8 zuwa 12. Yana da kyau a ɗauki hoton wurin sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, domin wanda ke duba madubi kullum ba ya lura da ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

HAƊARIN MAN BILICIN DA HAƊE-HAƊEN GIDA

Babban kuskuren da ake tafkawa shi ne garzayawa kasuwa ko shafukan sada zumunta a sayi man haɗi marar suna da aka yi alkawarin zai share tabo cikin mako guda. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata, a shekarar 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Irin waɗannan mayuka kan ƙunshi abubuwa uku masu haɗari.

Na farko, haidurokwinon mai ƙarfin da ya wuce ƙima. Idan aka daɗe ana shafa shi, yakan haifar da wani baƙi mai sirkin shuɗi a kumatu da gefen ido, mai wuyar magani ƙwarai. Likitoci a Afirka ta Kudu sun yi cikakken bayaninsa a shekarar 1975 bayan sun gan shi a jikin masu shafa man bilicin. Tarayyar Turai ta hana sanya sinadarin a kayan kwalliyar fata tun 2001, ƙasar Gana ma ta bi sahu a 2016.

Na biyu, sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol. Yana haska fata da sauri, shi ya sa ake ruɗuwa da shi, amma yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da nankarwa da ƙuraje, ya buɗe ƙofa ga makero da ƙyasfi, ya hana rauni warkewa. Idan aka daɗe ana shafa shi a faɗin jiki yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Na uku, zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana cutar da jaririn da ke ciki da wanda ake shayarwa. Yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013, wadda Nijeriya ke cikinta, ta tanadi kawar da ita daga kayan kwalliya.

Haka nan a guji goga lemun tsami ko kanwa ko tafarnuwa a kan tabo. Ruwan lemun tsami idan ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar tabon da ya fi na farko. Dirzar wurin da soso mai kaushi, ko yin dilka da halawa a kansa kafin ya warke, duk suna sabunta kumburi. Tabon ba dauɗa ba ne da za a cuɗe ya fita. Kada garin neman gira a rasa ido.

KAFIN A YI: TAMBAYOYIN DA YA KAMATA A YI

Rigakafi ya fi magani. Duk mai niyyar yin wannan aiki ya tabbatar da waɗannan:

1. Wane ne zai yi aikin? A fifita likitan fata ko ma'aikacin da ke ƙarƙashin kulawar likita mai rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya. A tambayi horon da ya samu da kuma ƙwarewarsa a kan baƙar fata.

2. Wace irin na'ura ce? Domin cire gashi a baƙar fata, leza mai suna Nd:YAG mai zangon nanomita 1064 ita ce mafi aminci, saboda saman fata ba ya shan haskenta sosai. Masu gajeren zango, kamar ta 694 da ta 755, da kuma IPL, sun fi haɗari ga fata mai duhu. Wannan gargaɗi ya shafi har ƙananan na'urorin IPL na gida da ake saya ta intanet, waɗanda akasarinsu masu ƙera su sun rubuta cewa ba su dace da fata mai duhu sosai ba.

3. A nemi gwaji. A fara haska ɗan ƙaramin wuri a ɓoye, kamar ƙasan muƙamuƙi, a jira aƙalla mako ɗaya zuwa biyu, domin duhun kan makara kafin ya fito.

4. A faɗi gaskiya. A sanar da mai aikin duk man da ake shafawa da maganin da ake sha, musamman man bilicin da ƙwayar ƙurajen fuska mai suna aisotiretinoyin. A kuma faɗa idan ana da ciki, ko jiki na yin tabo mai tudu.

5. A tabbatar akwai tabarau na kariya ga mai aiki da wanda ake yi wa, da kuma hanyar sanyaya fata.

6. A kauce wa rana makonni kafin aikin da bayansa.

Muna jan hankalin amare da iyayensu musamman. Yin irin wannan aiki ana saura mako ɗaya ko biyu biki ganganci ne, domin idan tabo ya fito babu maganin da zai share shi kafin ranar. Cire gashi kansa kan buƙaci zama shida zuwa takwas, da tazarar makonni huɗu zuwa shida a tsakani. Mai son yi ta fara watanni da dama kafin lokaci. Bugu da ƙari, macen da gashi ke fito wa da yawa a haɓa da ƙirji tare da rikicewar al'ada ta fara ganin likitan mata, domin mai yiwuwa matsalar daga sinadaran jiki take, na'ura kaɗai ba za ta magance ta ba.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Ana samun likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da na Jos. Wanda ke nesa ya fara da babban asibiti mafi kusa domin a ba shi takardar turawa. A tafi da duk mayukan da aka shafa a cikin kwalabensu, da sunan na'urar da ranar da aka yi aikin idan an sani. Tabon da ke girma, ko zubar da jini, ko canza siffa, a nuna wa likita ba tare da jinkiri ba, domin ba kowane baƙin tabo ne na na'ura ba.

Wanda aka yi wa ɓarna ta hanyar sakaci yana da damar kai ƙorafi ga ma'aikatar lafiya ta jiharsa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC. Kayan shafawa marasa rajista kuma a kai rahotonsu ofishin NAFDAC mafi kusa. Yin shiru saboda kunya na bai wa masu aikin da ba su ƙware ba damar cutar da wasu.

Daga ƙarshe, muna kira ga masu wuraren gyaran jiki da su ji tsoron Allah, su tsaya a iyakar abin da suka sani, su kuma tura duk wanda ya samu ƙuna zuwa asibiti maimakon sayar masa da man haɗi. Ga waɗanda tabon ya riga ya same su kuwa, akasarin irin wannan tabo yana dushewa idan aka kare shi daga rana, aka bi umarnin likita, aka kuma ba shi lokaci. Allah Ya ƙara mana lafiya.